Famfon Mai da Injin Turbo: Abin da Lambar Jikin Kwali Ba Ta Faɗa

Shirin na wannan mako zai tsaya ne a kan wani ɗan ƙarfe da yake nutse a cikin tankin mota, wanda direba ba ya ganinsa, kuma ba ya jin ɗuriyarsa sai ɗan gurnanin da yake yi na daƙiƙa biyu idan an murɗa makulli, wato famfon mai, tare da bayanin yadda ake zaɓar wanda zai iya ciyar da injin fetur mai turbo ba tare da ya gaza a lokacin da aka fi bukatarsa ba.

Batun ya wuce na masu tseren motoci kaɗai, domin kamfanoni sun daɗe da komawa ga ƙananan injuna masu turbo a motocin yau da kullum. Kamfanin Honda ya ajiye injin lita 2.4 da mai silinda shida a motarsa Accord ta shekarar 2018, ya maye gurbinsu da na lita 1.5 da na lita 2.0 masu turbo, kamfanin Toyota ma ya yi irin wannan sauyi a motar Highlander ta shekarar 2023, kuma irin waɗannan motoci su ne suke shigowa kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi bayan sun yi 'yan shekaru a hannun masu su na farko. Makanikin da ya goge a kan kafireta da injekta na da, yanzu ga shi da injin da ba ya yafe kuskuren da na da yake yafewa.

Turbo na'ura ce mai fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin da yake fita daga injin yana juya fanka ta farko, ita kuma ta biyun tana zuƙo iska daga waje ta cusa ta cikin silinda da ƙarfi, kuma sandar takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ya yi rajistar dabarar a shekarar 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin kasuwa ba sai a 1962, lokacin da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair suka fito da ita a Amurka. Iskar da ɗan Adam yake shaƙa a bakin teku tana da matsi kimanin bar 1, shi kuwa bar ma'auni ne na matsi wanda ya yi daidai da 14.5 a ma'aunin PSI da masu faci suke auna iskar taya da shi. Idan turbo ya ƙara bar 1 a kan na asali, iskar da take shiga silinda ta kusa ninkawa, kuma tun da iska ba ta ba da ƙarfi sai an ƙona mai da ita, dole man ma ya ninka, har ma ya ɗan haura.

Dalilin haurawar yana cikin yadda ake haɗa iska da fetur. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus ba tare da saura ba, kowane kilo ɗaya nasa yana bukatar iska kilo 14.7, kuma a kan wannan ma'auni ƙwaƙwalwar mota take riƙe injin idan ana tafiya a hankali. Amma idan aka take totur har ƙasa turbo ya cika, masu tsara injuna sukan sauko da ma'aunin zuwa wajen 11.5 ko 12, wato su zuba mai fiye da wanda iskar za ta iya ƙonewa, da gangan, saboda rarar man tana shanye zafi yayin da take zama tururi, ta sanyaya kan fistin da bawul. Idan man ya yi kaɗan a wannan lokaci, zafin cikin silinda yakan tashi, haɗin ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a tsanake daga tartsatsin fulogi, abin da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in har an ji shi ma. Fistin da alminiyam ake yin sa, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Selsiyus, alhali hayaƙin injin fetur mai turbo yana iya haura digiri 900. Saboda haka gazawar famfo a injin turbo ba ta tsaya ga mota ta yi sanyin gudu ba, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa a huda fistin ko a karya gefen da zobba suke zama, kuma abin takaicin shi ne motar takan yi lafiya lau a cikin gari, ba ta nuna komai sai ranar da aka hau babbar hanya aka zo wuce tirela.

Ana fara zaɓen famfo ne da lissafin man da injin yake sha idan ya kai iyakar ƙarfinsa. Injiniyoyi suna da wani ma'auni na yawan man da inji yake ƙonewa domin ya samar da ƙarfin doki ɗaya na tsawon awa ɗaya, wanda a injin fetur marar turbo yakan kama daga giram 200 zuwa 230, a mai turbo kuma daga giram 250 zuwa 295, saboda rarar da aka ambata. Idan aka ɗauki injin lita 2.0 da aka gyara ya kai ƙarfin doki 400, aka ninka da giram 270, za a samu kilo 108 a awa ɗaya, kuma tun da litar fetur tana da nauyin kimanin giram 740, wannan ya zama lita 146 a awa. Irin wannan injin idan ba shi da turbo, yana ba da ƙarfin doki 150, abin da zai nema bai wuce lita 47 ba, wato famfon da aka yi dominsa ana neman ya yi aikin da ya ninka nasa sau uku. A kan lita 146 ɗin sai a ɗora rarar kashi 20 cikin ɗari, domin famfo yana tsufa, filta tana toshewa, zafi kuma yana rage masa kuzari, sai lissafin ya tsaya a lita 175. Akwai wani tuntuɓe da ake yawan yi a nan, shi ne a yi lissafi da ƙarfin da aka auna a taya, alhali giya da sauran ƙarafan da suke kai juyi ga taya sukan cinye wajen kashi 15 cikin ɗari, don haka motar da ta nuna 400 a taya injinta yana wajen 470 ne, kuma injin ne yake shan man.

Wanda ya tsaya a nan zai je kanti ya ga kwali an rubuta lita 255 a awa, ya ce ai har da canji. A nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa, domin lambar jikin kwali ba ta nufin abin da famfon zai bayar a kowane hali, tana nufin abin da ya bayar ne a wani matsi guda da wani ƙarfin wuta guda da aka gwada shi a kai. Duk wanda ya taɓa tura ruwan rijiyar burtsatse zuwa tankin saman bene ya san cewa injin da yake cika bokiti nan take a ƙasa, idan aka kai tiyon hawa na uku sai ruwan ya ragu, ba don injin ya lalace ba, sai don nauyin da yake turawa ya ƙaru. Haka famfon mai yake, duk lokacin da matsin da yake fuskanta ya hau, yawan abin da yake fitarwa sai ya sauka.

A injin turbo kuwa matsin ba ya zama wuri ɗaya. Injekta, wato ɗan bawul na lantarki da yake fesa mai, bakinsa yana buɗewa ne cikin bututun iskar da take shiga silinda, don haka abin da yake fitar da man shi ne bambancin da yake tsakanin matsin mai a bayansa da matsin iska a gabansa. Yawancin tsare-tsare suna riƙe wannan bambanci a bar 3. Idan turbo ya cusa iska mai matsin bar 1.5 alhali man yana nan a bar 3, bambancin ya koma rabi, kuma da yake feshin injekta yana bin tushen murabba'in bambancin ne, zai ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a daidai lokacin da injin ya fi jin yunwa. Maganin wannan shi ne ragileta, wato na'urar daidaita matsin mai, wadda ake haɗa ta da bututun iska ta wani siririn tiyo, ta yadda duk bar ɗaya da turbo ya ƙara ita ma sai ta ƙara bar ɗaya a matsin mai. Ke nan a misalin da ake kai, famfon zai yi aiki ne a bar 4.5, idan kuma aka haɗa da abin da filta da dogon bututu da kusurwoyinsa suke cinyewa, a bakin famfon kansa matsin yakan doshi bar 5. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce lita nawa famfon yake bayarwa a bar 5, amsarta kuwa tana cikin jadawalin gwaji da kamfanonin kirki suke wallafawa, inda ake nuna yadda kwararar mai take sauka yayin da matsi yake hawa.

Famfo biyu da suka yi suna a wannan fage sun isa misali. Walbro 255, wanda ake sa shi cikin tanki, ya samo sunansa ne daga lita 255 da yake bayarwa a wajen bar 3 da wuta bolt 13.5, amma idan aka kai shi bar 5 yakan sauko zuwa lita 200 da 'yan kai. Shi kuwa Bosch 044, wanda ake ɗaura shi a wajen tanki, kamfanin da ya ƙera shi lita 200 ya rubuta masa, amma a bar 5 ya auna, shi ya sa 'yan kasuwa suke tallarsa da lita 300 ta hanyar ambaton ƙaramin matsi. Mai kallon lambobi kawai zai iya ɗaukar 255 ya fi 200, ko ya ɗauki 300 ta yi wa 255 fintinkau, kuma duka biyun ya yi kuskure, tun da ba a ma'auni ɗaya aka ɗora su ba. Ban da wannan, a cikin kowane famfo akwai ɗan bawul na kariya da yake buɗewa ya mayar da mai tanki idan matsi ya kai wani mataki, kuma idan matsin aiki ya kusanci wannan mataki, kwarara ba ta sauka a hankali, faɗuwa take yi gaba ɗaya.

Yanzu an iso ga batun wutar lantarki, wanda a nan ne aikin makaniki yake haɗuwa da na mai gyaran waya.

Famfon mai na'ura ce ta lantarki, saurin juyinta yana bin ƙarfin wutar da ta iso mata. Altaneta mai lafiya tana ba da bolt 13.5 zuwa 14.4, sai dai wutar tana tasowa ne daga gaban mota ta bi fiyus da rile da doguwar siririyar waya kafin ta kai tanki, kuma wayar da kamfani ya sa an auna ta ne da ƙaramin famfon asali. Manyan famfuna, irin Walbro 450, suna iya jan amfiya 15 zuwa 20 idan matsi ya hau, kuma idan irin wannan wuta ta bi ta wayar da ta yi mata kaɗan, wani kaso yakan salwanta ya zama zafi, har a tarar bolt 12 ko ƙasa da haka ne yake isa. Famfon nan mai lamba 255, a bar 5 da bolt 12, yana iya saukowa har ya yi kunnen doki da lita 175 ɗin da lissafi ya nema, wato rarar da mai mota yake taƙama da ita ta ƙare tun kafin famfon ya tsufa. Gyaran ba shi da tsada, ana jawo waya mai kauri ne kai tsaye daga batir ta cikin fiyus da sabon rile, a bar tsohuwar wayar ta zama mai kunna rilen kawai, a kuma tabbatar wayar da take komawa jikin mota ta kama ƙarfe mai tsabta. Awon da yake da amfani shi ne wanda aka yi a bakin famfon yana cikin aiki, domin awon kan batir ba ya nuna asarar da aka yi a hanya.

Sai dai girma ma yana da nasa aibin, kuma masu cewa a sayi mafi girma a huta ba su faɗi gaskiya duka ba. Idan mota tana tsaye injin yana sulo, man da yake sha bai taka kara ya karya ba, sauran duka sai ya bi ta ragileta ya koma tanki, idan kuwa ƙofar ragiletar ko bututun komawar ya yi ƙanƙanta, matsi sai ya hau fiye da yadda aka tsara, injin ya riƙa shan mai da yawa, fulogi su yi baƙi. Man da yake ta zagaye tsakanin inji mai zafi da tanki shi ma ɗumi yake yi, fetur mai zafi kuwa yana saurin zama tururi a mashigar famfo, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Wannan ne ya sa motoci da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1990 suka bar bututun komawa, wasu ma ƙwaƙwalwar motar ce take rage wa famfon gudu ko ta ƙara masa gwargwadon bukata, kuma a irin waɗannan dole a duba ko na'urar da take sarrafa famfon za ta iya ɗaukar wutar da sabon yake ja.

Nau'in man ma yana sauya lissafi. A Amurka masu neman ƙarfi suna son man da ake kira E85, wanda etanol ne ya fi yawa a cikinsa, saboda yana jure matsi ba ya saurin fashewa, amma ƙarfin da yake cikin litarsa bai kai na fetur ba, don haka injin yakan nemi ƙarin kashi 30 cikin ɗari ko fiye, lita 146 ta koma 190 kafin a sa rara, kuma sai da famfon da aka yi robobinsa da wayoyinsa domin jure etanol. Injekta ma suna da iyaka, ba a so su wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokaci suna buɗe, babban famfo kuma ba ya rufa wa ƙananan injekta asiri.

Yawancin sababbin motocin turbo, irin TSI na Volkswagen da EcoBoost na Ford da na Honda da aka ambata, suna fesa mai ne kai tsaye cikin silinda, kuma famfo biyu suke da shi. Na cikin tanki yana tura mai a matsin bar 4 zuwa 6, ya miƙa wa na biyu wanda yake kan injin, wanda sandar da take buɗe bawul take bugawa, shi kuma ya ɗaga matsin zuwa bar 150 ko 200, a wasu har 350. Na biyun ba ya iya ba da abin da na farko bai kawo masa ba, kuma idan yana samun mai a guntule yakan lalace, kuɗinsa kuwa ya ninka na ɗan'uwansa. Mai irin wannan mota da bai taɓa injinsa ba ba ya bukatar lissafin da aka yi a baya, kamfani ya riga ya yi masa, abin da yake kansa shi ne ya nemi famfo mai lambar da ta dace da motarsa. Al'adar zaro kowane famfo da ya shiga gurbin a ɗaura, ko da na ƙaramar mota marar turbo ne, ita ce ta fi komai haɗari, domin motar za ta tashi, za ta yi sulo mai kyau, makaniki ya karɓi kuɗinsa da zuciya ɗaya. Jabu ma sun yi yawa, musamman na samfuran da suka yi suna, kuma araha fiye da kima ita ce alama ta farko.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara wa famfo nauyi. Man da yake ratsa cikinsa shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma yake hana ƙarafansa goguwa, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, direbobi da yawa sun koma yawo da ɗan abin da ya rage a gindin tanki, ɗan mai kuwa yana saurin zafi, kuma idan aka sha kwana ko aka taka totur da ƙarfi yakan gudu gefe ya bar bakin famfo yana zuƙar iska, wanda a injin turbo daidai yake da yanke mai a tsakiyar aiki. Man galan na bakin titi yana zuwa da ƙura da ruwa da suke toshe rariyar da take gindin famfo, kuma fetur ɗin da aka shigo da shi Nijeriya a farkon shekarar 2022 mai ɗauke da metanol fiye da ƙa'ida ya nuna cewa ko man gidan mai ba kullum yake tsira ba.

Bayan an ɗaura famfo, ana tabbatar da shi ne da gejin matsin mai yayin da motar take ɗauke da nauyi, ko dai a kan na'urar gwajin ƙarfi ko a hanyar da babu jama'a, mutum ɗaya yana tuƙi wani yana kallon geji. A tsarin da yake da ragileta mai bin iska, allurar ya kamata ta hau tare da matsin turbo ta tsaya daram har injin ya kai ƙarshen juyinsa, idan kuwa ta hau sannan ta fara zamewa ƙasa, to famfo ko waya ko filta ɗaya ya gaza, kuma a ɗage ƙafa nan take. Wajen aikin kansa, ana cire fiyus ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa domin matsi ya sauka, a cire wayar batir, a yi aikin a sarari nesa da wuta da sigari. Guntun tiyon da yake haɗa famfo da murfin tanki kuwa dole ya zama irin wanda aka yi domin zama cikin fetur, mai lamba SAE J30R10, saboda tiyon mai na yau da kullum cikinsa kaɗai aka yi ya jure fetur, bayansa yakan kumbura ya tsage idan ya jiƙu, man ya riƙa tsiyaya a cikin tankin inda babu mai gani, matsi yana raguwa alhali famfon da ake zargi lafiyarsa ƙalau.